Bakin Aro

Shafi na 14

Masu cika min waya da saƙo tun asuba, Allah ya huci zuciyarku, ga shi na kawo. Hajiyar nan da ta rantse da girman Allah cewa Sabiru ne, ki ajiye rantsuwarki a gefe tukuna, kada ki jawo wa kanki kaffara a banza.

*

Sai yau Kubura ta san ɗakin Inna ƙarami ne.

Tana zaune daf da ƙofa, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, tsohon ciki ya tokare mata numfashi. Inna, uwar mijinta, tana bakin gado da carbi a hannu, amma leɓɓanta ba sa motsi. Baffa Ma'aruf, ƙanin marigayi mahaifin mijin nata, ya taso tun daga Dutsi a kan mashin, ko ruwan da aka ajiye masa bai kalla ba. Sabiru, wan mijinta, yana tsaye jikin bango ya riƙe waya kamar mai riƙe da sammaci. Fadila ce kaɗai, autar gidan, ta zo ta raɓu da ita.

Shi mijin, Harisu, ya tafi haƙar zinare Jado, can cikin hamadar Nijar, tun cikin nan bai fito ba. Da farko saƙon murya ba ya yankewa, yau gaisuwa, gobe zolaya, jibi faɗan a riƙa ba ragonsa dusa a kan kari. Daga baya shiru ya biyo, aka ce wurin babu sabis. Sai jiya da yamma wata baƙuwar lambar Nijar ta turo wa Sabiru bidiyo. Kubura ba ta gan shi ba, labarinsa kawai aka ba ta, labarin kuma ya ishe ta kwana zaune.

"Sabiru, kunna mana," in ji Baffa. "Ta ji da kunnenta a gaban kowa, kada gobe a ce ƙage aka yi mata."

Sabiru ya danna, ya juyo da fuskar wayar.

Ga Harisu nan. Shi ne, har da ɗan tabon gefen gira da wani sa ya yi masa a kara, kasuwar shanu. Bayansa duwatsu ne da tanti. Ya ƙifta ido, ya buɗe baki, muryar nan tasa mai ɗan kauri ta cika ɗakin.

"Assalamu alaikum. Inna, Baffa, Yaya Sabiru, ku zama shaida. Ni Harisu, da hankalina, ba wanda ya tilasta ni, na saki matata Kubura saki ɗaya. Ta koma gidansu. Kada kowa ya neme ni a kan maganar nan."

Inna ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

Baffa ya yi gyaran murya.

"To 'yata, kin ji. Ba ni da abin cewa sai haƙuri. Mai ciki iddarta haihuwarta ce, kin sani. In ya mayar da ke kafin ki sauka, aure yana nan. In kuwa kika sauka bai ce komai ba, igiya ta tsinke. Shi kuma ga shi ya ce kada a neme shi."

Kowa a ɗakin ya san haihuwar nan yau ce ko gobe. Ungozoma ma ta ce kada ta yi nisa da gida.

Kubura ba ta yi kuka ba. Wani abu ne ya tsaya mata a kunne kamar ƙuda, ya ƙi fita.

"Yaya, don Allah a maimaita."

Sabiru ya dube ta sheƙeƙe.

"Ba ki ƙoshi ba ne?"

"Wajen da ya ce matata. Nan kawai nake so."

Baffa ya ɗaga masa kai, Sabiru ya ja bidiyon baya ba don ransa ya so ba.

"Na saki matata Kubura saki ɗaya."

Ta dafa bango ta gyara zama.

"Baffa, wannan ba ɗanku ba ne."

Sabiru ya yi wata gajeriyar dariya.

"To aljaninsa ne?"

"Ban san ko mene ne ba. Amma ba shi ba ne."

"'Yata," in ji Baffa a hankali, "baƙin ciki yana sa mutum ya musanta rana tsaka. Fuskarsa ce, muryarsa ce."

"Baffa, me ya kira ni?"



Abin da yake nan shi ne, sunan Inna na yanka Kubura ne, sunan matar ɗanta ma Kubura. A gidan nan kuwa sunan ya fi garwashi zafi a bakin 'ya'yan Inna. Tun ranar da aka kawo ta amarya babu wanda ya taɓa kiranta da shi. Su Sabiru sai dai su ce Mai sunan Inna, ita Inna ta ce Takwara, Baffa da ke ce wa Inna Yaya ya ce Mai sunan Yaya, Fadila ta ce Anti. Harisu kuwa ya fi kowa, in zance ya biyo ta kan sunan sai ya kewaye shi kamar mai kewaye rijiya.

"Ku tambayi Fadila," in ji Kubura. "Ranar da ya kai ni awo za a buɗe min kati, ma'aikaciyar ta ce masa mene ne sunan matarka. Ya tsaya yana sosa ƙeya, layi ya taru a bayanmu. Da ƙyar ya ce sunan mahaifiyata gare ta. Matar ta ce to ni na san mahaifiyarka ne? Har mutane suka fara dariya bai faɗa ba, sai da na buɗe baki na faɗa da kaina."

"An yi haka," in ji Fadila. "Ina wurin."

"Mutumin da ya yarda a yi masa dariya a gaban mata don kada ya kama sunan Inna, shi ne zai kama shi gatsau yana kallon idonta? Ya fara da cewa Inna ki zama shaida, sannan ya kira sunanta?"

Sabiru ya taso daga jikin bango.

"Ke dai kina neman abin kamawa ne. Saki wasa ne? Wanda zai saki mace dole ya faɗi sunanta, in ba haka ba wa ya saka?"

"Mata nawa gare shi, Yaya, da za a rikice?"



Inna ta sauke mayafinta. Idanunta sun yi ja.

"Ma'aruf, jiya da aka kunna min, da ya zo wurin nan sai da gabana ya yanke ya faɗi. Na ce ko kunnena ne na tsufa. Yaron nan tun yana goye ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na kwana ina cewa me aka ba shi ya sha a can."

"Inna, mutum yana sakewa," in ji Sabiru. "Wurin nan ba mu san da su wa yake zama ba."

"Hali zanen dutse ne," in ji ta, ta koma ga carbinta.

Baffa ya shafa gemu, ya dubi wayar, ya dubi Kubura.

"Na ji maganar suna, kuma ta kama hankali. Amma ku faɗa min, in ba shi ba ne, wa ya ara masa fuska? Ga baki yana motsi, ga ido yana ƙiftawa. Hoto dai ba ya magana."

"Yana yi, Baffa."

Fadila ce ta faɗa, kanta a ƙasa. Ita dama sana'arta sayar da atamfa da leshi ta waya, rabin matan unguwarsu ta bayan rijiyar Kusugu a wurinta suke yin anko.

"Kun san matar nan mai jan gyale da take min talla? Wadda take cewa ku zo ku zaɓa kafin ya ƙare?"

"Wadda na ce ki gaishe min da ita?" in ji Inna.

"Babu ita a duniya, Inna. Hoto ne kawai. Akwai manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, ka ba ta hoton mutum, ka ba ta muryarsa ko ta saƙo ce, ka rubuta abin da kake so ya faɗa. Ita za ta motsa masa baki da ido da wuya daidai da maganar. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama."

"Ke Fadila, ki ji tsoron Allah," in ji Baffa.

"Baffa, in ka ba ni izini sai in nuna maka."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ta ɗaga waya ta ɗauke shi hoto yana zaune a kan buzu. Ta shiga zauren Wasaf na dangi ta lalubo saƙon da ya turo na sanar da sunan jikansa, ta yi 'yan danne-dannenta. Ana jin ragon Harisu a tsakar gida yana tunkuyin turke.

Ta miƙa masa wayar da hannu biyu.

A cikin wayar Baffa Ma'aruf ya ɗago kai, ya ƙifta ido, ya ce da muryarsa mai shaƙewa, "Ni Ma'aruf, da hankalina, na ba Fadila gonata ta bakin rafi kyauta, ku zama shaida."

Baffa na zahiri ya janye hannunsa kamar ya taɓa kunama. Wayar ta faɗa kan buzu, na cikinta yana ta murmushi.

"A'uzu billahi. Goge shi. Goge shi yanzu ina kallo."

Ta goge. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya kai yatsa ya taɓa leɓensa, sai ka ce yana duba ko yana nan. Tsoro ne sosai ya kama dattijon, bai kuma ɓoye ba.

"Yanzu ke nan," in ji shi, "ina gona ina noma, a nan ana iya sa ni in saki iyalina, in zagi liman, in yi ridda."

"Muryar Yaya Harisu kuwa ta cika zauren nan," in ji Fadila. "Duk wanda aka taɓa tura wa saƙonsa ɗaya yana da ita."

Sabiru ya zuba mata ido.

"Ashe a gidan nan akwai gwana. Mu muna ta neman ɓarawo a daji."

"Yaya, me kake nufi?"

"Abin da kika ji."

Kubura ta riƙo hannun Fadila.

"Kada ka ɗora mata, Yaya. Wanda ya tsara maganar nan ba ɗan gidan nan ba ne. Ɗan gidan nan ko a rubuce hannunsa ba zai kama sunan Inna ba. Bare ne, ya san sunana a kati, bai san sunana a gida ba."

Baffa ya miƙe yana kaɗe rigarsa, daidai lokacin da aka fara kiran azahar.

"Ga hukuncina. Ban karɓi sakin nan ba. Mai sunan Yaya tana ɗakinta, babu inda za ta. Sai na ji Harisu baki da baki, in tambaye shi ya ba ni amsa nan take, ba wannan abin da ake aikowa ba. Maganar suna kuma ta tsaya a ɗakin nan. Kun ji ni?"

Kowa ya amsa. Sabiru ne ƙarshen amsawa, ya sa wayarsa a aljihu ya bi Baffa masallaci.

Da Kubura ta koma ɗakinta ya kamata ta ji sanyi, amma ba ta ji ba. Ta yi salla a zaune, ta jingina da gado, sai ga hawayen da suka ƙi zuwa ɗazu. Fadila ta shigo da kwanon fura ta tarar da ita haka.

"Haba Anti, ke da kika yi nasara?"

"Wace nasara, Fadila? Tun ɗazu abu ɗaya nake tunani. Ba a arar wa mutum baki sai an tabbata nasa ba zai buɗe ba. Wanda ya yi wannan ba ya tsoron yayanki ya kira gobe ya ƙaryata shi. Me ya sani da mu ba mu sani ba?"

Fadila ta ajiye kwanon a hankali.

"Ki daina kawo wannan a ranki. Yaya yana nan lafiya in sha Allah."

"In yana lafiya ina bakinsa?"

Fadila ta jawo ƙafafun nata ta ɗora a cinya ta shiga matsa mata, kamar yadda ta saba tun da kumburin ya fara. Yarinyar nan ita ce ta kwana da ita ranar da ta yi ɓari a cikin farko, ita ce ke ɓoye mata tsire in Inna ta hana. Kubura ba ta da 'yar'uwa mace, Fadila ce ta zame mata.

"Amma Anti, ina jin tsoro. In maganar ta fita, suka gyara, suka sake turo wani da Mai sunan Inna fa?"

Kubura ta share ido, har da ɗan murmushi.

"Su gyara mana. Ai ban zazzage musu duka ba. Mai sunan Inna na gaban mutane ne. In daga ni sai shi ba haka yake ce min ba."

"To me yake cewa?"

"Ke dai bari."

"Don Allah Anti. Ni ce fa."

Kunya ta kama ta, ta rufe fuska da tafin hannu.

"Ranar da ya fara ganina mun raka baƙi Kusugu ne, aka ba ni guga in ja musu ruwa, igiyar ta suɓuce min. Shi ne ya taro ta. Tun daga ranar Mai guga yake ce min. Ko a waya ba ya faɗa, wai kada wani ya ji ya raina shi. Daga ni sai shi sai Allah."

Fadila ta yi dariya har da dafa ƙirji.

"Yaya Harisu da ɗaure fuskar nan tasa? Ashe ana soyayya a gidan nan ba mu sani ba."

"In kika faɗa wa wani na yanke miki harshe."

"Wa zan faɗa wa?"

Wayar Fadila ta yi ƙara. Ta duba, ta ce mai mashin ne ya kawo mata kaya daga tasha, bari ta karɓo a ƙofar gida. Ta fita. Kubura ta sha furar kaɗan, barci ya ɗan fizge ta a zaune.

Da ta farka rana ta karkata, an idar da la'asar. Fadila ta dawo tana zaune a inda take, ta sake ɗora ƙafafun a cinyarta. Daga zaure ana jiyo muryar Baffa da Sabiru, suna ta gwada lambobin 'yan Daura da ke Jado, babu wadda ta shiga.

Sai wayar Kubura ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi.

Lambar Nijar ce. Bidiyo ne. Wannan karon ita aka turo wa.

"Wane ne?" in ji Fadila.

Kubura ta danna.

Duwatsun nan ne, tantin nan ne, tabon gefen girar nan ne. Ya ƙifta ido, ya ɗan karkata kai yadda yake yi in zai zolaye ta.

"Mai guga," in ji bakin Harisu. "An ce kin ce ba ni ba ne. To yanzu fa? Tunda ɗaya bai ishe ki ba, sauran biyun ma na cika miki. Ki kai wa Baffa ya gani."

Bidiyon ya tsaya a kan fuskarsa, bakin a ɗan buɗe.

Hanya biyu ce kawai a gaban Kubura, kuma babu ta bi a ciki. Ko dai mijinta ne da gaske, yana raye, ya ɗauki sunan da ya fi kowane daɗi a kunnenta ya datse igiyar aurenta da shi. Ko kuwa ba shi ba ne, sunan ya fita ne daga ɗakin nan, yau, ta ƙofar nan.

Hannuwan Fadila suna kan ƙafarta, masu ɗumi, suna matsawa a hankali.

"Innalillahi," in ji Fadila, murya ƙasa-ƙasa. "Anti, ba kin ce daga ke sai shi ba?"

Kubura ta ɗago kai ta dube ta, irin kallon da ba ta taɓa yi mata ba.

"Haka na ce. Daga ni sai shi ne, har zuwa azahar ɗin yau."

Hannuwan suka tsaya cak.